Maiwada Direba da Tabaryar Jirgin Tsallake

Ina durƙushe a bakin shagona na faci a Makarfi, na nutsa tif cikin baho ina neman inda yake fitar da iska, sai na ga inuwar mutum ta rufe mini ruwan. Na ɗaga kai, ashe Julius mai walda ne, maƙwabcina a sana'a. Baƙin gilashinsa na aiki yana goshi. Mutumin da tun daga nesa yake fara tsokanata, ranar nan ko barka da hantsi bai yi mini ba.

"Gambo," ya ce, "Saminu ya bugo waya daga Tsallake. Direba ya tafi."

Na ce, "Ya tafi ina?" Na san abin da yake nufi, bakina ne kawai ya ƙi yarda.

Julius ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya rufe fuska da hannu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tif yana nan cikin ruwa yana ta fitar da kumfa, na kasa ciro shi. Idona kuwa ya tafi kusurwar shago, inda wata tsohuwar tabarya take jingine, kanta naɗe da baƙar roba.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Amma Maiwada, wanda muke ce wa Direba, abokina ne tun muna samari, kuma ina so wanda bai san shi ba ya san shi, ko da kaɗan ne.

An haifi Maiwada a wani ƙauye na ƙasar Kudan, a gidan manoman rake. Mahaifinsa mai dafa mazarƙwaila ne, shi kuwa tun yana ƙarami aikinsa kora dokin da ke juya injin matsar rake. Daga nan ya koma jan amalanke, daga amalanke ya zama karen mota, har Allah ya ba shi tuƙi. A ƙarshe ya mallaki wata tsohuwar akori-kura da ya raɗa wa suna Gwaggo, wai don ba a yi mata tsawa, lallaɓa ta ake yi. Da ita yake kwasar rake da masara da barkono tsakanin Kudan da Makarfi da Ikara. Ba ya gudu ko kaɗan. 'Yan acaba in sun zo wuce shi sai su ce, "Direba, ko mu kai maka saƙo gaba?" Shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ce musu ina tafe."

Ni Mai Iska yake kirana, wai duk duniya ni kaɗai ya sani da ke sayar da abin da Allah ya bayar kyauta. Ni kuma in ina son in ji bakinsa sai in ce masa Sarkin Ruwa, domin Maiwada yana tsoron ruwa tsoro na gaske. Yana yaro kududdufi ya kusa tafiya da shi, da ƙyar aka fizgo shi ta wuyan riga. Tun daga ranar, in ji shi, duk ruwan da ya fi ƙarfin buta ba nasa ba ne.

To, ikon Allah, wannan mutumin shi ne ya zama mai jan jirgin ruwa.

Akwai wata unguwa can gefen Gazara da muke ce wa Tsallake, don rafi ya raba ta da hanya. Da rani yashi ne zalla, ko akuya takawa take ta wuce. Da damina kuwa in ruwa ya kawo, gora ba ta taɓa ƙasa, jirgin hannu ba ya iya ratsa shi, sai mutane su yi kwanaki suna hangen hanya daga nesa. Saminu, wani masunci ɗan unguwar, yana da jirgin katako da yake su da shi a dam can wajen Ikara. Sai mutanen Tsallake suka haɗa hannu suka sayo inji, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi. Aka yi magana a kan cewa da rani Saminu ya yi kamun kifinsa a dam, damina tana kawo kai jirgi ya dawo gida ya yi wa mutane fito. Julius ya ƙera 'yar tirela da ragowar ƙarafa, ni na sa mata tayoyi. Da aka zo maganar mai ja, kowa ya ce Maiwada, don shi kaɗai ne ba zai yi gudu da ita ba.

Injin nan yana da nauyi, kuma Julius ya ɗaure shi a jikin jirgi da kusoshi ya kashe bakinsu da walda saboda ɓarayi. Don haka ba a ciro shi, a rataye yake tafiya. Kansa yana sama, yana da doguwar ƙafa da ta sauka ƙasa, farfela a ƙarshenta. In aka bar ƙafar a miƙe, ramin farko za ta daki hanya. In kuma aka ɗaga ta, wani ɗan ƙarfe ne kamar yatsa ke riƙe da ita, wanda aka yi don jirgi yana tsaye a bakin ruwa, ba don gargadar hanyarmu ba.

Ranar ɗauka ta farko muna wajen dukanmu. Maiwada ya zagaya jirgin, ya girgiza ƙafar injin, ya ce, "Wannan abu yana son matashi." Aka duba babu wani icen kirki a bakin dam. Amma a bayan Gwaggo akwai ragowar rake, mu kuwa a ƙasarmu rake shi ne komai: da shi ake tokare ƙofa, da shi ake kora jaki, in an gama a shanye. Maiwada ya zaɓo masu kauri, ya ɗaure su dami guda, ya tokare ƙafar injin da su a kan ƙarfen bayan tirela. Duk muka ce dabara ta yi. Saminu har yana cewa, "Ɗan mai mazarƙwaila ya yi maganin abin."

Abin da ɗan mai mazarƙwaila ya manta, mu ma muka manta, shi ne rake abin matsa ne. Kowane rami muka faɗa, injin ya danna shi. Kafin mu shigo Makarfi sai ga ƙudan zuma suna bin mu. Da muka tsaya, ruwan rake yana ɗiga a kan kwalta, damin nan ya koma tuka kamar wadda tsoho ya tauna ya zubar. Ƙafar inji ta sauko, ɗan ƙarfen ya karye, kunnen farfela ya lanƙwashe, katakon bayan jirgi ya tsage.

Julius ya sa yatsa ya lashi ruwan, ya ce, "Direba, ka buɗe sabon injin matsa ba ka gayyace mu ba?"

Aka yi ta dariya. Shi ma Maiwada ya yi dariya ranar.

Dariyar ba ta daɗe ba. Aka kai inji Zariya gyara, aka zauna jiran kaya, ruwa kuwa bai jira kowa ba. A cikin makonnin nan naƙuda ta zo wa wata mata a Tsallake da gardama. Aka ɗauko ta zuwa bakin rafi tun da hantsi, rafi ya cika ya batse, babu hanyar ƙetarawa sai washegari da ruwa ya ja. Ita ta rayu, abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Babu wanda ya ɗora wa Maiwada laifi. Mijin matar da kansa ya ce haka Allah ya rubuta. Amma Maiwada ya daɗe bai zo shan shayi shagona ba. Ranar da ya zo, ya zauna ya riƙe kofi har ya huce, sannan ya ce, "Mai Iska, rake na sa."

Daga nan ya shiga neman ice. Ya gwada katakon kasuwa, ya tsage. Ya gwada bututun ƙarfe, ya ga zai ci jikin injin. Wata safiya yana zaune a tsakar gida, matarsa Rahama tana daka, ya zuba wa hannunta ido. Ita ce ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Rahama, ara mini tabaryar nan."

"Malam, yau kai za ka yi mana dakan fura?"

"Aro na ce."

"Irin aron da ka yi wa igiyar shanyata? Har yau tana Ikara tana gaishe ni."

"Tun yaushe take dukan turmin nan?"

"Da ita aka kawo ni gidan nan. Icen ƙirya ne."

"Ta taɓa tsagewa?"

Rahama ta ce a nan ne ta gane abin da yake nema. Ta daina wasan, ta goge tabaryar da gefen zaninta ta miƙa masa. Daga baya takan ce ita kaɗai ce macen da tabaryarta ke zuwa Ikara rani da damina, ita kuwa ba a taɓa kai ta ba.

Julius ya auna ya yanke ta daidai, ya yi mata takalmin ƙarfe a gindi wanda ke kama ƙarfen bayan tirela. Aka sassaƙe kanta ya zama gwafa, ni kuma na naɗe gwafar da robar taya don kada ta goge injin. Tun daga shekarar nan Maiwada ya kafa yadda yake aikinsa, kuma bai taɓa tsallake komai ba. Jirgi yake fara ɗaurewa, gaba da baya, sai ya zama shi da tirela jiki ɗaya. Yakan ce in jirgi yana rawarsa daban tirela tana tata daban, to tabarya za ta tuna tsohon aikinta, ta koma duka. Sannan a ɗaga ƙafar inji rabi, a zaunar da ita cikin gwafa, a sauke a hankali har nauyin ya bar ɗan ƙarfen nan ya koma kan ice. A zagaye ta da doguwar roba. A ɗaure hannun tuƙi don kada kan injin ya riƙa waige-waige. A sa giya don kada iska ta yi ta juya farfela a banza. A ƙarshe ya ɗaura wani tsohon jan ɗankwalin Rahama a kan farfela, saboda 'yan acaba masu bin bayan mota kamar an haɗa su da igiya. In ya gama sai ya rungumi ƙafar injin ya girgiza da dukan ƙarfinsa. In tirela ce ta motsa, ya yi. In inji ne ya motsa shi kaɗai, a kwance a sake.

Wata rigimar kuma ranar kasuwa ce. A wajenmu babu abin da ke ɓata wa mutum rai irin ya ga abin hawa yana tafiya wayam. Da an hango jirgi a kan tirela sai mai buhu ya taso, mai akuya ya taso.

"Haba Direba, ga wuri kamar ɗaki ka ce babu wuri?"

"Amarya ce a ciki, yallaɓai. Ba a cunkusa mata."

Tsofaffin mata yakan kwashe su da kayansu a cikin Gwaggo, amma jirgi ko ƙullin barkono ba ya hawa.

Haka aka yi shekaru, inji bai sake kwana a Zariya saboda hanya ba. Sai kuma Allah ya haɗa auren autarsa Mukarrama da wani manomi ɗan Tsallake. Muka samu abin tsokana. Julius ya ce Sarkin Ruwa ya ba ruwa 'ya. Da rani yana takawa ya je ya gan ta. Da damina kuwa, shi da ke kawo jirgi har bakin rafi, bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Sai ya tsaya a wannan gaɓa, ita a waccan, suna kallon juna suna magana ta waya. In na ce masa, "Direba, jirgin nan fa kai ka kawo shi," sai ya ce, "Nawa aikin a ƙasa ya ƙare."

Bana tun da bazara ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Likita ya ce ya ajiye tuƙi. Ga Mukarrama da tsohon ciki, kuma da yake na biyu ne ba ta zo goyon ciki gida ba, tana can ɗakinta. Maiwada ya matsa wa Rahama ta taka ta je ta zauna da ita tun rafi yana yashi. Sai ruwa ya sauko da wuri, jirgi kuwa yana dam.

Saminu ya ce zai ɗauki wani direba a Ikara. Maiwada ya ce bai yarda ba. Da safe sai ga shi a bakin shagona, ɗan acaba ya kawo shi, makullin Gwaggo a hannu.

"Mai Iska, rufe shago. Iskar ba za ta gudu ba."

"Likita ya ce kada ka yi tuƙi."

"Ai bai ce kada in yi surutu ba. Kai za ka ja."

A bakin dam ya kasa sunkuyawa. Muka ajiye masa taya ya zauna, ni da Saminu muka zama hannayensa. Na ɗaure jirgi, ya ce in ƙara ja. Na zaunar da ƙafar inji cikin gwafa, ya ce, "Ba haka ba. Har yanzu ɗan ƙarfen ne ke ɗauke da ita, ina gani daga nan. Ɗaga ka sake." Na sake. Na naɗa roba, ya ce in kwance, na bar ta da sako-sako kamar ɗamarar malalaci. Ban yi fushi ba. Na lura ba aikin ranar kaɗai yake so ya yi kyau ba, so yake hannuna ya riƙe abin. Da aka zo girgizawa ya yunƙura zai tashi, numfashi ya hana shi. Ni na rungumi injin na girgiza. Tirela ta motsa gaba ɗaya. Ya ce, "To, bismillah."

A hanya bai bar ni na huta ba.

"Rami."

"Na gani."

"Kai ka gani, ita amarya ji za ta yi. Rage."

Mun ɗan taɓa tafiya ya ce in tsaya in duba. Na sauka na dawo na ce lafiya lau.

"Taɓawa ka yi ko kallo?"

Na koma na taɓa. Ashe robar ta ɗan saki, na ƙara ja. Da na dawo sai ya yi murmushi yana kallon gaba.

Bayan mun bar kwalta mun nufi Gazara akwai wani kwari da ruwa ya zaizaye, inda gindin tirela kan kusa shafar ƙasa. Hadari ya haɗu a gabas. Maiwada ya ce in buɗe masa ƙofa. Na ce ya zauna, ya ƙi. Ya sauka, ya dafa gefen jirgi, yana takawa a hankali ina ja a hankali, idonsa a kan farfela. Ina hango shi ta madubi, tsoho mai kumburarrun ƙafafu yana rakiyar jirgi kamar mai raka makaho. Jan ɗankwali ya shafi laka, farfela ba ta taɓa ba. Muka haye.

Da muka iso, rafi ya riga ya kawo, jajawur yana tafe da karan dawa da rassa. Samarin unguwa na wannan gefe suka taya mu sauke jirgi. Saminu ya sauke ƙafar inji cikin ruwa ya ja igiya. Ja ɗaya ya tashi. Na ji Maiwada ya saki wani dogon numfashi. A can gaɓar ga Rahama, ga Mukarrama ta dafa ƙugu tana ɗaga hannu.

Kullum in an sauke jirgi yakan goge tabaryar ya sa ta bayan kujerar Gwaggo. Ranar nan ya goge ta da hannun rigarsa ya miƙo mini.

Na ce, "Me zan yi da tabarya, ni da ba ni da turmi?"

Ya ce, "Kaka za ta yi, jirgi zai koma dam."

Sannan ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya dubi Saminu ya ce, "Akwai wurin mutum ɗaya?" Saminu ya miƙo masa hannu.

Sauran labarin a bakin Rahama na ji shi. Bayan 'yan kwanaki naƙuda ta zo wa Mukarrama da rana tsaka, rafi a cike, kuma abin ya so ya yi gardama. Jirgi ya ƙetare da ita, mota ta kai ta asibiti a Makarfi, ta sauka lafiya, namiji. Da aka dawo da su, Maiwada ya karɓi jaririn ya yi masa huɗuba da kansa. Washegarin suna, bayan ya karya kumallo, ya ce zai ɗan kishingiɗa a inuwar zaure. Bai tashi ba.

A jirgin nan muka ƙetara jana'izarsa, ni da Julius da mutanen tasha. Julius ya zauna kusa da injin, ya ɗora hannu a kansa har muka sauka. A Tsallake aka binne shi, unguwar da ya yi shekaru yana kai wa jirgi. Da na je yi wa Rahama ta'aziyya na ce zan dawo mata da tabaryarta. Ta ce, "Malam Gambo, ai ta daɗe da barin aikin mata. Inda ya ajiye ta, nan ne wurinta."

Allah ya jiƙan Maiwada, ya yafe masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya raya abin da ya bari.

Ni dai har yanzu in na rufe ido bakin rafin nan nake gani. Ya zauna a ƙasan jirgi, ba a kan benci ba, takalma a cinya, hannu ɗaya ya damƙi wannan gefe ɗaya ya damƙi wancan, idanunsa a runtse gam. Jirgi ya fara ja da baya. Sai na ji ya ɗaga murya a kan ƙarar inji.

"Mai Iska!"

"Na'am, Sarkin Ruwa!"

"Jirgi za ka fara ɗaurewa, sannan inji!"

"Na ji! Buɗe idonka mana ka ga ruwan!"

"Kai dai riƙe tabarya," ya ce. "Ni na riƙe jirgi."